Manhajar da za ta nuna maka hadari ta kyamarar waya: ina ainihin aikin yake idan a Zariya za a gina ta

Duk wanda ya taɓa ɗora filta a fuska a Snapchat ko TikTok, ko ya buɗe irin manhajar neman alƙiblar nan da ake ɗaga waya tana nuna kibiya a kan hoton ɗaki, toh ya riga ya yi amfani da abin da ake cewa AR ko da bai san sunansa ba. Kyamara ce za ta nuna maka duniya yadda take, sai waya ta ɗora wani zane a kai, kuma zanen ya zauna daram a inda aka ajiye shi ko da ka juya hannu. Shine ake tunanin me zai hana a haɗa wannan da hasashen yanayi, ka fito ƙofar gida a Samaru ko Tudun Wada ka ɗaga waya ta gabas, sai ta zana maka hadarin da ke tahowa tun kafin idonka ya hango shi, ta faɗa maka nisansa da lokacin da zai iso. Ni dai tunanin ya kwanta min sosai, ina ma son ace ɗan Zariya ne zai fara yi. Amma gaskiya inda mutane ke zaton wahalar take ba nan take ba. Zana girgije mai motsi a sikirin, wanda ya iya Unity, manhajar da ake haɗa wasannin bidiyo da ita, ba zai daɗe ba zai gama. Aikin yana wajen tabbatar da cewa girgijen da ka zana akwai shi da gaske, kuma a wajen da ka nuna yake.

Bari mu fara da inda hasashen ke fitowa, don da yawa suna ɗauka manhajar yanayi ita ke lissafin da kanta. Ba ita bace. Kusan duk abin da kake gani a wayarka ɗauko shi aka yi daga wasu cibiyoyi ƙalilan masu manyan kwamfutoci. Akwai GFS na hukumar NOAA ta Amurka, ana sabunta shi sau 4 a rana, yana hango har kwana 16, kuma kyauta ne. Akwai na cibiyar Turai ECMWF da aka kafa a 1975, wanda masana da yawa ke ganin ya fi saura dacewa, akwai kuma ICON na Jamus. Yadda suke yi shine a yanka sararin samaniyar duniya gida-gida, a saka wa kowane gida zafinsa da danshinsa da ƙarfin iskarsa na yanzu, sai kwamfuta ta bi dokokin fiziks tana tura lokaci gaba kaɗan-kaɗan har ta kai gobe da jibi. Kai mai manhaja ba sai ka taɓa wannan ba, akwai masu shiga tsakani irin su Open-Meteo da OpenWeather, ka tura musu lambobin wajen da kake, na Zariya wajen digiri 11 arewa ne da 7.7 gabas, su dawo maka da zafi da iska da ruwa na kowace awa. Open-Meteo ma idan ba kasuwanci za ka yi da shi ba ko rajista ba ya nema. A wuni ɗaya za ka iya haɗa wannan ɓangaren ya yi aiki, shi ya sa yake yaudarar mutum ya ɗauka ya gama.

Matsala ta farko girman gidajen nan ne. Bayanan GFS da aka fi rabawa kowane gida kusan kilomita 28 ne, na ECMWF mafi kyau kuma wajen kilomita 9. Toh kilomita 28 fa malam, Samaru da Kwangila da Sabon Gari da cikin Birni duk za su iya faɗawa gida ɗaya su samu lamba ɗaya, alhali kowa a garin nan ya san ana iya tafka ruwa a Kongo har kwata ta cika ta tumbatsa, ka kira wani a Shika ya ce maka su ko ɗigo basu gani ba. Ruwanmu mafi yawa na hadari ne da zafin rana ke tayarwa, ƙasa ta ɗau zafi, iska mai danshi ta yi sama da ƙarfi, girgije ya miƙe tsaye cikin awa ɗaya ko biyu, kuma inda yake fara haɗuwa sau da yawa bai kai faɗin gida ɗaya na lissafin ba. Kamar ka jefa raga mai manyan ido ne a Galma kana neman ƙananan kifi. Kwamfutar ba ta kama hadarin kai tsaye, ƙiyasi take yi cewa a irin wannan zafin da danshin ya kamata a samu ruwa kaza a cikin gidan, shi ya sa sau da yawa za ka ga ta raba yayyafi ko'ina maimakon ta zuba ruwa mai ƙarfi a waje ɗaya yadda yake faruwa a zahiri.

Ta biyu kuma, lissafin nan daga awon da aka yi yanzu yake tashi, kuma Afirka ba ta da yawan tashoshin awo da balan-balan ɗin da ake saki sama kamar Turai, kaga tun daga farawa da giɓi aka fara. Wani bincike da masana na Karlsruhe a Jamus suka fitar a 2018 ya auna hasashen ruwa na manyan cibiyoyin nan a kan yankin da muke ciki, aka samu cewa ɗanyen hasashen, idan ba a bi shi an gyara ba, sau da yawa bai ma kai ka ɗauko tarihin ruwan shekarun baya ka ce yawanci a irin wannan ranar haka ake yi ba. Wannan magana ce mai nauyi ga duk mai son ɗora zanen ruwa a kyamara. Hasashen zafi da na iska yana da dama-dama, na ruwan gobe a unguwa kaza ne ke da rauni. Sabbin na AI irin GraphCast na Google da ya fito a 2023, da AIFS da ECMWF ta fara aiki da shi a 2025, suna da sauri sosai, amma daga bayanan baya suka koya, kuma a bayanan bayan ma yankinmu ne mai ƙarancin awo.

Toh idan haka ne me ya rage? Abin da ya rage shine abin da ni nake ganin ya kamata a gina manhajar gaba ɗaya a kansa, wato hasashen nan kusa, daga yanzu zuwa awa biyu ko uku, masana na kai shi har awa 6. Shi wannan ba tambayar ko za a yi ruwa ranar Laraba yake amsawa ba, hadarin da ya riga ya haɗu yake bi, ya ce ga shi a waje kaza, ga inda ya dosa, ga saurinsa. A Turai da Amurka da rada ake yi, wato na'urar da ke hango ruwan sama daga nesa, mu nan ba ka da hoton rada na sararin Zariya da za ka dinga ɗaukowa duk bayan minti biyar, amma muna da wani abu da Allah Ya huwace mana, tauraron ɗan'adam na Meteosat na hukumar EUMETSAT yana tsaye a sama wajen kilomita 36,000 saitin inda layin Girinwic ya ratsa ikweta, kusan a kanmu yake, ya fi ganinmu da kyau fiye da yadda yake ganin Turawan da suka harba shi. Tsohon tsarin yana ɗaukar hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 duk minti 10, kuma yana da na'urar ganin walƙiya. Dare da rana yana auna sanyin saman girgije, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce, duk girgijen da ya fi tsawo samansa ya fi sanyi. Idan ka ga wani dunƙule da samansa ya kai digiri 60 ko 70 ƙasa da sifili, kuma yana ƙara faɗi daga hoto zuwa hoto, toh hadari ne mai rai.

Sannan hadarinmu yana da ɗabi'a wacce kakanninmu suka riga kimiyya lura da ita, daga gabas yake zuwa. Akwai wata iska mai ƙarfi a sama da ke tafiya daga gabas zuwa yamma a lokacin damina, ita ke jan manyan hadura su yi layi, su tako da saurin wajen kilomita 50 a awa, kuma tsaunukan Jos na daga cikin wuraren da suke yawan haɗuwa da yamma kafin su gangaro. Shi ya sa za ka ji iska mai sanyi da ƙura ta fara kaɗawa tana buga ƙofofi kafin ruwan ya sauko. Ga mai kodin, wato mai rubuta manhaja, wannan kyauta ce babba, don abin da ke da hanya ana iya binsa. Ka ɗauki hotuna uku ko huɗu na ƙarshe, ka ga yadda dunƙulen ya matsa, ka tura shi gaba a kan wannan hanyar. Akwai ɗakin karatun kodin na kyauta mai suna pySTEPS da aka yi don irin wannan, kuma shirin African SWIFT da Jami'ar Leeds ta jagoranta, wanda NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke ciki, ya yi aiki sosai a kan irin wannan hasashen na nan kusa, kenan ba daga sifili mutum zai fara ba.

Amma a kula da abu ɗaya da masu koyo ke mantawa, hoton da ke hannunka tsoho ne. Kafin tauraro ya ɗauka, a sarrafa, ya iso sabarka, wato kwamfutar da ke tura wa manhajarka bayanai, ka lissafa, ya iso wayar mutum, minti 20 ko 30 sun wuce. Hadari mai gudun kilomita 50 a awa a minti 15 kawai ya ci kilomita 12 da ɗoriya. Idan hoton ya nuna shi a kan Soba, wajen kilomita 40 gabas da mu, kai kuma ka zana shi a kan Soba ɗin, toh a lokacin da mutum ke kallon sikirin ya riga ya ci rabin hanya, ka ce masa saura minti 50 alhali saura 25. Dole a matsar da shi gaba gwargwadon tsufan hoton. Akwai ma wani ɗan gyara kuma, tunda tauraron ba daidai tsakar kanmu yake ba, girgije mai tsawon kilomita 15 zai fito a hoto a goce da kusan kilomita 4 daga inda yake. Kuma wannan hanyar tana da iyakarta, hadarin da zai haɗu a kanka da la'asar ba za ta gan shi da azahar ba tunda babu shi tukuna, sannan ba duk inda saman girgije ke da sanyi ne ruwa ke zuba a ƙasa ba, wani lokacin fiffiken hadarin ne kawai ya baje ya rufe gari.

Yanzu mu zo kan AR ɗin kansa. Abu na farko da kowa zai ce maka shine ka ɗauki kayan aikin gina AR, wato ARCore na Google da ya fito a 2018 ko ARKit na Apple na 2017, ka haɗa su ta AR Foundation a Unity. Ni shawarata kar ka fara da su, kuma ina da dalili biyu. Na farko ARCore ba a kowace waya yake aiki ba, sai wacce Google ta tantance ta saka a jerinta, kuma ka leƙa hannun mutane a PZ ko kasuwar Sabon Gari ka gani, Tecno ne da Infinix da itel, wasu manyan cikinsu suna jerin amma ƙananan da talaka ke riƙewa da yawa basa ciki. Na biyu ya fi muhimmanci, su waɗannan kayan aikin yadda suke gane inda suke shine su kama ɗigo-ɗigon da ba sa motsi a hoto, kusurwar tebur, tsagar bango, zanen darduma, su dinga bin su. Sama kuwa ba ta da kusurwa, ɗan abin da ke cikinta ma girgije ne kuma tafiya yake. Akwai wani tsarin Google na 2022 da ke gane wuri ta hanyar kwatanta abin da kyamara ke gani da hotunan tituna na Street View, shi ma ba abin dogaro bane a lungunan Birni ko a gona.

Abin daɗin shine ba ka ma buƙatarsu. Abin da ke nesa da kai kilomita 40, ko ka matsa taku goma ba zai canza waje ba, abu biyu kawai kake son sani, ina mutumin yake, kuma ina bayan wayarsa ke kallo. Na farko GPS zai ba ka. Na biyu na'urori uku ne a cikin waya, akselaromita mai jin yadda aka karkata ta, jairoskop mai jin juyawa, da magnetomita wato kamfas, kuma Android na haɗa ukun ya ba ka amsa ɗaya. Haka manhajojin kallon taurari irin Sky Map suke aiki tun 2009. Sauran lissafin sakandare ne. Ka san inda kake, ka san inda hadarin yake, ka fitar da kusurwar da yake daga arewa, misali digiri 100, wato gabas ya ɗan karkata kudu. Tsawonsa a sikirin kuma, girgije mai kilomita 15 a nisan kilomita 50 samansa zai tsaya wajen digiri 17 daga ƙasa, a nisan 100 kuma wajen digiri 8 ne kacal, wato idan ka miƙe hannu bai kai dunƙulen hannunka ɗaya ba, itacen dogonyaro ɗaya ko bene ya isa ya ɓoye shi. Nan ne ma amfanin AR yake fitowa na gaskiya, tsakanin kilomita 50 zuwa 150, inda ido bai gani amma lokacin shiri bai ƙure ba, da kuma cikin dare. Idan hadari ya riga ya baƙanta gabas kowa ya gani, ba wanda ke buƙatar waya.

Kamfas ɗin ne zai ba ka ciwon kai, wallahi shi zai cinye maka lokaci fiye da komai. Duk mai amfani da manhajar alƙibla ya san yadda take nuna nan a ɗaki, ka fito tsakar gida ta nuna can. Ƙarfe ne ke ruɗa ta, rufin kwano, rodin da ke cikin gini, taransifoma, keke napep, har maganaɗisun da ke jikin murfin waya. Ka tsaya ƙarƙashin gadar Kwangila ka gwada, kibiyar sai ta dinga yawo. Kuskuren digiri 10 ba wani abu bane a wajen waya, amma a nisan kilomita 50 ya zama kusan kilomita 9, ya isa ya sa ka nuna wa mutum hadarin da zai bi ta gefe kamar kansa ya nufo. Juya waya a iska kamar ana rubuta 8 yana ɗan taimakawa. Abin da ya fi, a ganina, shine a yi amfani da abin da garin ke da shi, Dutsen Kufena da dogon ginin Sanate na ABU ana hango su daga wurare da dama kuma an san daidai inda suke, sai manhaja ta ce wa mutum saita wannan alamar a kan Kufena ka danna, daga nan ta san kuskuren kamfas ɗinsa ta cire. Wayar da ba ta da jairoskop kuma, kuma suna da yawa, kar a tilasta mata, zanen zai dinga rawa ne, a ba ta taswira shimfiɗaɗɗiya da kibiya kawai.

Akwai wani abu da ya fi duk wannan damuna. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma AR gani ne. Idan rediyo ta ce ana sa ran ruwa a wasu sassan jihar Kaduna, mutum ya san magana ce mai faɗi, zai haɗa da nasa hankalin. Amma idan ya ɗaga waya ya ga baƙin girgije zaune a kan rufin maƙwabcinsa da rubutu ƙarfe 4:37, zai yarda ɗari bisa ɗari, alhali lissafin da ke bayan hoton bai kai wannan tabbacin ba. Kyan hoton ya fi ƙarfin ilimin da ke ciki, kuma mai ginawa ne kaɗai ya san haka, don haka amana ce a wuyansa. A rubuta tsakanin 4:30 da 5:30, kar a rubuta 4:37. A zana hanyar hadarin tana faɗi yayin da take nisa, kar a ja siririn layi. A nuna tsufan hoton ɓaro-ɓaro, kuma idan sabis ya ɗauke manhaja ta faɗa cewa bayanan sun tsufa maimakon ta ci gaba da nuna hadarin awa biyu da suka wuce. Kashi 60 cikin 100 ma a faɗe shi yadda mutum zai gane, cikin kwana 10 irin na yau a 6 ana ruwa. ECMWF da kanta sau 51 take maimaita lissafinta tana ɗan canza mafari don ta ga yadda amsoshin za su rarrabu, kenan su ma masu abin ba amsa ɗaya suke bayarwa ba. Kuma wannan ya dace da yadda muke kallon abin, hasashe karanta alamu ne ba da'awar sanin gaibu ba, ruwa na Allah ne.

Ka ɗauki manomi a Bomo ko Hunkuyi da ya sayi buhun yuriya da kyar zai zuba wa masara. Idan ya zuba aka tafka ruwa mai ƙarfi cikin awa ɗaya, takin ya bi kunya ya tafi, idan kuma ya zuba a busasshiyar ƙasa bai rufe ba aka yi kwanaki ba ruwa, wani kaso ya bi iska. Mai bulo a Ɗanmagaji da ya jera ɗanyen bulo, mai zuba dakin, wato kankaren saman gini, da ya tara leburori da siminti, mai shanyar barkono ko masara a kan tamfol a bakin titi, mai feshin ciyawa, duk tambayarsu ɗaya ce, ina da awa biyu ko ba ni da su. Amma asararsu ba ɗaya bace. Mai shanya idan aka ce masa ruwa na zuwa bai zo ba, wahalar kwashewa da sake bazawa kawai ya yi, shi gara a dinga gargaɗinsa da wuri ko da za a yi kuskure. Mai dakin kuwa idan ya sallami leburori a banza ya yi asarar kuɗin wuni. Manhaja mai hankali za ta tambayi mutum sana'arsa tun farko ta daidaita lokacin da za ta buga masa ƙararrawa. Kuma ta yi magana da murya da Hausa, don mai hannu cikin siminti ba zai tsaya karatu ba.

Maganar yaushe za a yi shuka kuma ba ta AR bace sam, kar ma a cusa ta. Zariya na samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, Agusta ne ƙololuwa, kuma haɗarin yana wajen ruwan farko da ke yaudara a shuka sannan ya ɗauke. Wani ma'auni da masana aikin gona ke amfani da shi a yankin nan shine a samu milimita 20 cikin kwana 3, kuma kar a yi fiye da kwana 7 a jere ba ruwa a cikin kwana 30 da ke biye. Wannan fagen NiMet ne da ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma da ke nan Samaru, masu kai wa manoma. Abin da manhaja za ta yi shine ta nuna nasu da sunansu.

Batun caji da data ba sai na tsawaita ba. Kyamara a buɗe da GPS da sikirin a ƙure haske don rana, a zafin Afrilu da ke kusantar digiri 40, waya za ta ɗau zafi ta fara jan ƙafa, ga wuta ba kullum ba, ga kuɗin data da aka ƙara da kashi 50 a 2025. Duk nauyin ya zauna a saba, ita za ta sauke hotunan tauraro ta tace, wayar kuma a turo mata ɗan jeri kawai, hadari na ɗaya yana nan, saurinsa kaza, ya nufi kaza, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba. AR ɗin ya zama maɓalli ne da ake dannawa a kalla na rabin minti a rufe, saƙon gargaɗi ne zai zama ainihin aikin kullum, kuma shi ana iya tura shi ta tes har ga mai ƙaramar waya.

Da hunturu ma manhajar ba za ta zauna banza ba. Ƙurar da ke rufe mu mafi yawa daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, abu ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita da ke ɗaukar lokaci kafin ya iso, don haka ya fi hadari sauƙin hangowa, kuma tsarin CAMS na Turai yana bayar da hasashen ƙura kyauta. Masu asma da iyayen ƙananan yara za su amfana su san jibi hazo zai yi kauri. Har ma mutane za su iya mayar wa manhajar da bayani, ta nuna musu inda Kufena ya kamata ya kasance ta tambaya kana ganinsa ko baka gani, kaga an samu awon nisan gani daga unguwanni da yawa. Abin da zan ce a guje masa shine zanen ambaliya, irin wanda tashar The Weather Channel ta yi a 2018 lokacin guguwar Florence, ruwa na tasowa kewaye da mai gabatarwa har ya wuce kansa. Yana da ban sha'awa, amma taswirar tudu da kwari ta kyauta irin SRTM kowane ɗigonta mita 30 ne kuma tana iya kuskuren mitoci a tsawo, ba ta san kwatar da leda ta toshe a layinku ba, ba za ta iya cewa ruwa zai kai gwiwa ko ƙugu ba.

Sai abubuwan da idan aka yi sakaci za su cutar da mutum. Manhajar da ke koya wa mutane fita fili su ɗaga hannu sama lokacin hadari dole ta san lokacin da za ta ce a shiga ciki. Sautin tsawa yana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa 3, idan tsakanin walƙiya da ƙara bai kai daƙiƙa 30 ba toh tana cikin kilomita 10, a nan kyamara ta rufe kanta ta rubuta a nemi mafaka, ba ƙarƙashin itace ba. Sannan a unguwanninmu ɗaga waya saitin katangar mutane ba ƙaramin abu bane, akwai iyali a ciki, don haka hoton kyamara kar ya bar wayar ko a adana shi, kuma a faɗa wa mutane haka a fili. Wurin da mutum yake ma bayanansa ne da dokar kare bayanai ta 2023 ta shafa, kuma saba ba ta buƙatar sanin ƙofar gidansa, a dunƙule lambar zuwa kilomita ɗaya ya wadatar. Gargaɗi na hukuma kuma haƙƙin NiMet ne a doka, gara a nemi haɗin kai da su tun da wuri.

Ta yaya za a san tana aiki? Sai an auna ruwa a ƙasa, ba wata hanya. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita, kuma mazubin awon ruwa na roba ba shi da tsada. A samu makarantu da gonaki a Shika, Basawa, Wusasa, Gyallesu, Dakace da hanyar Soba, a kafa a fili nesa da indararo da itace, wani ya dinga rubuta ƙarfe nawa ruwa ya fara da nawa aka samu. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru da tushenta ke komawa 1922 tana da tashar awon yanayi da tarihin ruwa mai tsawo, ga kuma ƙungiyar TAHMO da ke kafa tashoshi masu aiki da kansu a makarantun Afirka, duk wuraren ƙwanƙwasa ƙofa ne. Saba ta dinga ajiye duk abin da ta faɗa da lokacin da ta faɗa, daga Mayu har Oktoba, sannan a zauna a fitar da lamba biyu, cikin haduran da suka sauka nawa ta hango aƙalla minti 30 kafin su iso, kuma cikin gargaɗin da ta bayar nawa ne ba a ga komai ba. A raba lissafin gida biyu, na haduran da suka taho daga nesa da na waɗanda suka haɗu a kan gari, don na biyun ne za su ja makin ƙasa, kuma su ne za su nuna ko ana buƙatar ƙara bayanan walƙiya kafin a saki manhajar a Play Store.